Shekarar da Na Yi Takaba Mijina na Raye

Rakiya, ke da ƴan'uwanki maza, labarin da kuke ba ƴaƴanku ya dawo kunnena. Wai Gwaggo Hassu ce ta raba ni da fitowa a fim, ta taso daga Ollelewa ta tsaya a kaina sai da na ajiye, shi ya sa har yau ba ku leƙa ta sai in an yi rasuwa. Ni ban taɓa gaya muku haka ba. Kuna yara kuka ga hayaniya a tsakar gida, kuka ga wadda ta fi ɗaga murya, kuka ƙarasa sauran labarin da kanku. Kun san ni, babu wanda ya taɓa hana ni abin da na sa kaina ta hanyar tsawa. Don haka zan rubuta yadda aka yi, da hannuna, ko da yake hannun ba ya sauri, don sai da furfura ta fara leƙowa na koyi riƙe bik na rubutu. In kun ga na tsallake shekaru, ba mantawa na yi ba, babu komai a cikinsu sai aiki. Shekara guda ce ta juya ni, a kanta zan tsaya.

Ta murhu na shiga fim. Ina sayar da shinkafa da wake a bakin tashar Tanut, wasu samari masu wasan kwaikwayo suna ci a wurina. Da farko wasan faɗakarwa suke yi wa masu furoje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara, a ƙauyuka, na rigakafi da na tsabtar rijiya, daga baya suka samu kyamara suka ce su ma fim za su yi kamar na Kano. Shugabansu Mutari, dogo, mai magana da hannu, shi ne darakta. Shi ya ce in riƙa bin su ƙauye ina dafa musu. Na yi ta dafawa har suka lura kullum kayan wasa na ɓacewa, rigar da mutum ya shiga ɗaki da ita jiya ba ita ce zai fito da ita yau ba, sai aka damƙa mini akwatin kaya, musamman da yake mijina tela ne, gyara ba sai an je nesa ba. Ana nan wata rana matar da za ta fito uwar miji ta haihu, babu wadda za ta maye ta. Mutari ya dube ni ina tsaye ina yi musu faɗa kan kwanonin da suka bari kaji na ciki.

“Inna, faɗan nan da kike mana, shi za ki yi wa yarinyar can. Kada ki rage komai.”

Ban rage ba. Yarinyar sai da ta yi kukan gaske, daga baya na ba ta haƙuri da ƙarin nama.

Ku fahimci yadda muke aiki a lokacin, don a nan abin ya samo tushe. Babu takarda. Mutari zai tsaya ya ce, ke uwa ce, ɗanki ya sayar da akuyarki, ga shi ya shigo, ki wanke shi. Kai kuma ka yi ta rantsuwa. Sai ya ɗaga hannu ya ce mu je. Abin da ya zo bakinka shi ne fim. Wannan aiki kamar don ni aka yi shi. A gaban kyamara babu mai sanin wa ya je lakwal, wato makarantar boko, wa bai je ba, baki ne da zuciya, ni kuwa Allah ya ba ni su. Na fito uwar miji, na fito mai dillanci, na fito ungozoma, har yara a kasuwa suka fara maimaita zagin da na yi a fim. Babanku kuwa ya fi kowa jin daɗi. Kun san ba na faɗin sunansa, Mai Keke nake ce masa tun ina amarya, saboda keken ɗinkin da yake zama da shi a ƙofar gida, har rabin unguwa suka ɗauki sunan a bakina. In fim ya fito, shi ke fara sa a tura masa a salula, ya tara abokansa yana nuna musu ɗinkinsa a jikina, kamar rigar ce ta yi wasan ba ni ba.

A kakar shekarar da nake ba ku labari Mutari ya kawo labarin wata mata da mijinta manomi ya rasu, ƙannensa suka taso za su ƙwace gona. Ya ce ni ce matar, kuma fim ɗin duka a kaina yake. Ban taɓa samun irin wannan ba. Mai Keke da kansa ya ɗinka kayan takabar, zane da riga da mayafi na wani yadi mara haske, yana ɗinki yana tsokanata wai in gwada ya gani ko za su yi mini kyau, don kada in ba shi kunya a bayansa. Muka tafi wani ƙauye wajen Falanko. Aka kwance mini kitso aka yi na masu takaba, na cire ƴan kunne, na goge kwalli, aka ba ni ƴar wuƙa na riƙe kamar yadda tsofaffi ke sa mai takaba ta yi. Mutari ya ce an fita da gawa yanzu, ke kaɗai ce a ɗaki, ki yi kuka ki kira shi. Aka ɗauka, babu hawaye. Aka sake, babu. Ni mai faɗa ce, ban saba kuka ba. Rana tana tafiya, mai kyamara na ƙorafin batir. Sai na rufe ido na nemi abin da zai karya ni, na hango ƙofar gidanmu, keke a rufe da tsumma, kujera babu kowa. Kukan da ya fito ban san ina da shi ba. A cikinsa na ce wayyo Mai Keke, ka tafi ka bar ni da wa. Mijin fim ɗin manomi ne, ko allura bai taɓa riƙewa ba. Da aka gama na ce wa Mutari ya cire wurin. Ya ce to. Da ya zauna montaji, wato yanka da haɗa fim, ya ga kukan, sai ya kasa cirewa, ni ma da ya nuna mini ban matsa ba, don ban taɓa ganin kaina haka ba.

Fim ya fito da sanyi, ya karɓu fiye da duk abin da muka taɓa yi. Wani ya yanko wurin kukan kaɗai, babu farko babu ƙarshe, ya shiga yawo daga salula zuwa salula. Yara suka daina ce mini Inna Zuwaira, sai Mai Takaba, suna kira a ƙofar gida babanku na zaune yana taka keke. Wata ranar kasuwa sai ga Kawu Bukar, ƙanen kakarku ta wajen uba, wanda ke kiwo a dajin Tarka, da mata biyu a bayansa da ɗan akuya a igiya. An nuna musu guntun a kasuwar Tarka. Mutanenmu na daji ba sa tambayar mutuwa a waya, tashi suke su zo, kuma sun zo da fushin ba a aika musu ba. Kawu ya karyo kwana ya ga mutum a kan keke, ya tsaya cak daga nesa.

“Idi? Kai ne?”

“Ni ne, Kawu. Lafiya da ranar nan?”

“Gaisuwarka muka zo.”

“To ku ƙaraso mana mu gaisa.”

“Ba irin wannan ba. Ta'aziyyarka.”

Babanku ya tsayar da keke, ya gyara hula.

“Yaushe na rasu?”

“An ce tun kaka.”

“Allah ya jiƙaina. Me kuka kawo?”

“Cuku ne, da ɗan akuyan sadaka.”

“Ku sauke. Mamacin na son cuku.”

Ya yi sati yana dariya, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ba shi labari. Kawu bai yi dariya ba. Da za su koma ya ja ni gefe ya ce, ƴata, wannan abu ba a kiransa a gidan da mai shi ke numfashi. Bayansu da ƴan kwanaki Yaya Hassu ta sauka da ƙullin kayanta. Ita ta goyi babanku bayan rasuwar uwarsu, don haka a wurinta ba ƙane ba ne, ɗa ne. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

“Wace irin mace ce za ta kwance kitso, ta riƙe wuƙa, ta sa mijinta cikin matattu, yana nan zaune yana cin tuwonta?”

“Wasa ne, Yaya. Kowa ya san wasa ne.”

“Wasa. To sunan wa kika kira?”

 Babanku ya leƙo daga zaure ya ce, Yaya, ai ni na ɗinka kayan da hannuna. Ta ce kai dama tun kana rarrafe ba ka da wayo, koma kan kekenka. Ta kwana biyu ta koma, ba mu rabu da daɗi ba.

Da bazara, wata rana bayan azahar, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji keke ya tsaya. Na san ƙarar keken nan kamar yadda na san tarin kowannenku. Na san tsayawar canza zare, na san ta gaisawa da mai wucewa. Wannan a tsakiyar ɗinki ya tsaya, kuma bai ci gaba ba. Na fito na same shi ya kife a kan rigar wani, baki ya karkace. Daga likitar Tanut, wato asibiti, aka tura mu Damagaram. Muka dawo da shi ɓarin dama a mace, hannu da ƙafa, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Na yarda da likita, na kuma yarda ajali da ciwo ba a bakin Zuwaira suke ba, na tambayi malamai sun ce mini haka. Amma ku zo ku ga masu dubiya. Mata su shigo su ce sannu Malam Idi, idonsu a kaina. Yara suka daina kiran Mai Takaba da ƙarfi, aka koma faɗa a hankali bayan na wuce, wannan ya fi ciwo. Ni kaina, ina wanke masa hannu, wani lokacin sai in ji muryata ta fim a kunnena, in yi a'uziyya in ci gaba. Yaya Hassu ta dawo, wannan karon da tabarmarta da butarta, ta ce ba inda za ta.

Muna cikin wannan hali Mutari ya zo. Bayan ya duba mara lafiya ya ce in raka shi zaure. Wani Alhaji a Damagaram ya ga fim ɗin, zai zuba kuɗi a ci gaba da labarin, mai dogon zango, kowane sati kashi guda a intanet. Za a ɗauka a Belbeji in damina ta zauna, kyamara biyu, marubuci na musamman, ni ce kan gaba, matar tana cikin takabarta ana shari'ar gona. Ya ce in abin ya yi kyau har Kano za a san ni. Zan iya ce muku don abincinku na saurare shi, tunda keke a rufe yake, kuma ba ƙarya ba ne. Amma ba shi ne ya fara zuwa raina ba. So nake. Mace ta kai shekarata tana goge tukunya kafin a gano abin da ta iya, sannan a ce ga ƙofa ta buɗe. Ban ce masa mijina na kwance ba. Cewa na yi yaushe za a fara. Ashe Yaya Hassu na bayan katanga tana shanya.

“Ranar da kika sake sa kayan nan,” ta ce bayan ya fita, “ranar zan ɗauki ɗan'uwana a mota in kai shi Ollelewa. Sai ki yi takabarki a sake, babu shi a gidan.”

“Babu mai fitar da shi daga ɗakina.”

“Na gaya wa mazan gidanmu, sun ce in kira su kawai.”

“Ki kira har da na kabari.”

Wannan ce hayaniyar da kuka gani, ke Rakiya kina riƙe da Auta a bakin ɗaki. Abin da ba ku sani ba, tsawar Hassu ƙara mini ƙarfi ta yi. Da ta yi shiru, wataƙila da na yi ta jinkiri. Da ta ce kada, sai na yanke zan tafi, in ya so in na dawo mu yi wadda za mu yi. Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In share tsakar gida in sake sharewa, in ɗora tukunya in manta gishiri, in fita kamar zan je wani wuri in tsaya a ƙofa in dawo. Ina ba babanku kunu a baki, zuciyata na Belbeji tana shirya yadda zan amsa wa ƙannen miji a gaban alƙali. Shi ban tambaye shi ba. Na ce ai shi ya ɗinka kayan, shi ya ci cukun ta'aziyyarsa, na san amsarsa.

Wata safiya Hassu ta tafi kasuwa neman man shanu na shafa masa, ku kuna lakwal. Na buɗe akwati na ɗauko kayan, don na rame a jinya, ina so in ga ko sai an rage. Ban tsaya a gwada riga ba. Na cire ƴan kunne, na goge kwalli, na ja mayafin har goshi, na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan sunkuyar da kai. Sai na ji kwano ya faɗi a ɗakinsa. Na ruga yadda nake, na ɗaga labule. Ruwa yake so ya ɗauka da hannun hagu, ya kuɓuce. Ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa, haske a bayana. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, na ga fushinsa, na ga ranar da muka binne ƴarmu ta biyu, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Idon da ke aiki sosai ya bi ni daga goshi har ƙafa, yana kallon ɗinkin hannunsa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

“Zu... waira.”

“Na'am, Mai Keke.”

“Ki ɗan... jira.”

“In jira me?”

“Ban tafi ba... tukuna.”

Bai ƙara ba. Mutumin da bai taɓa ce mini bari ba, ko ranar da na fara bin samari ƙauye da tukwane mutane na zuga shi. Na fita na tuɓe kayan. Na ɗaura jan zanen nan nawa na biki, na sa kwalli har ya yi yawa, na mayar da ƴan kunne, na ɗebo ruwa na dawo na ba shi ya sha. Ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau. Ban so a ce babanku ya ji tsoro. Na gwammace a ce Hassu ta fi ƙarfina.

Da la'asar na samu Mutari a shagon da suke montaji.

“Ba zan fito ba.”

“Inna, fuskarki Alhaji ya gani ya kawo kuɗinsa.”

“Ya nemi wata fuskar, Damagaram cike take da su.”

“Gwaggon yara ce ta hana?”

“Ka ɗauka haka. Amma da ni za a tafi Belbeji.”

“Girki za ki koma?”

“Na wuce tukunya, Mutari. Wadda za ku sa a wurina, ni zan tsaya a kanta. Kai ka iya faɗa wa mace inda za ta tsaya, ba ka iya sa ta kuka ba.”

Ya daɗe yana juya bik a hannu. Ya ce, Inna, kada ki ji haushi, aikin ya canza. Wannan karon kowace magana a rubuce take, babu abin da ya zo bakinka. Wanda ke tsayawa kusa da darakta takarda yake riƙewa, yana bin layi, in an kauce ya mayar. Na ce to sai a koya. Ya yi dariya, na bar shi yana yi. Alhaji ya yi fushi ƙwarai, har ya so janye hannu, Mutari ne ya sha wahalar lallashinsa, ban manta masa ba. Da na koma gida na samu Hassu tana murza wa ɗan'uwanta ƙafa. Na ce mata na ajiye kayan, ba zan sake sawa ba, amma aiki ban bari ba, kuma in na tafi ita za ta zauna da shi da ku. Ta ce wato ita ce baiwar gidan. Na ce ke ce yayarsa. Ta ja tsaki ta ce in miƙo mata man. Gonarta a Ollelewa a waccan shekarar wasu ta ba suka noma. Wannan ma ba ku sani ba.

Na shiga karatun manya da ake yi da yamma a zauren ƙungiyar mata. Malamar sa'ar babban yayanku ce, tana ce mini Mama tana kama mini yatsu. Ban taɓa jin kunya irin ta makon farko ba, ni da nake sa gari kuka, ga ni baƙi ɗaya ya tsaya mini a wuya. In na dawo sai in zauna bakin gadon babanku ina maimaitawa da ƙarfi, likita dama ya ce a riƙa sa shi magana. Ina cewa ba, bi, bu, yana bina da harshensa mai nauyi, wani lokacin ya riga ni, don shi ya yi ƴan shekaru a lakwal, in na yi kuskure ya buga gado da hannun hagu. Hassu daga tsakar gida ta ce gida ya lalace, tsofaffi biyu sun koma kukan tumaki. Kafin ruwa ya zauna ina iya gane sunaye da gajerun kalmomi. Bai isa bin layi ba, amma na riƙe takardar ba a juye ba, na hau mota.

Wadda aka kawo sunanta Nafisa, ƴar Damagaram, ta gama lise, wato babbar sakandare, ba ta kai ni shekaru ko kusa ba, sai da aka zana mata tsufa a fuska. Na so in ƙi ta, ta hana ni, don yarinya ce mai ladabi. Da safe mu zauna gindin aduwa ta karanta mini abin da za a ɗauka ranar, in zuba shi a ka, ina bin takardar da yatsa ina tsintar kalmomin da na sani. Ranar da ta fito daga ɗaki sanye da kayana, wani tela ya rage su, sai na ji kamar an shiga ɗakina ba sallama. Aka ce mu je, ta fara magana, ashe bakina na bin ta. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ce Inna, ana jin ki. Aka sake. Wannan karon na yi shiru, amma ƙafata ta ja ni har kafaɗata ta shiga hoto. Mutari ya ɗauki kara ya ja layi a yashi bayan kyamara, ya ce daga yau nan ne iyakar ƙasarki. Kowa ya yi dariya, har ni. Duk inda muka koma ɗauka sai wani ya ja mini layin nan, ya zama abin wasa. Ni kaɗai na san abin da nake haɗiyewa a bayansa.

Ranar babban kuka Nafisa ta zo da man zafi za ta shafa a ƙarƙashin ido. Na karɓe na jefa a jakata. Na ja ta bayan danga na tambaye ta wa ta taɓa rasawa. Ta ce kakarta da ta raine ta, tana jarrabawa aka binne ta ba ta gani ba. Na ce ita za ki ɗauko. Ki tuna abin da ta bari a ɗaki wanda kika tarar, ba fuskarta ba. Kuma ki ji ni da kyau, kada ki kuskura ki ɗauko mai rai. Ta shiga, aka ce mu je. Sau ɗaya aka ɗauka. Matan ƙauyen da suka taru kallo ta saman danga suka yi ta share ido da bakin mayafi, da Mutari ya ce an samu, aka rufe ta da tafi. Ni ina bayan layi, takalmanta a hannuna.

Daga wannan aikin Mutari ya bar mini duk wurin da mata ke ciki. Daga baya in ya tafi Damagaram sai ya bar mini kashi sukutum, har ranar da na karanta sunana da kaina a ƙarshen fim, an rubuta darakta a gabansa. Yanzu ni ke ɗaga hannu in ce mu je, ni ke mayar wa marubuta takardunsu in ce babu macen da ke magana haka. Nafisa ta tafi Kano, in ta zo gida mutane tare mata hanya suke. Ni ina shiga tashar Tanut in fita babu mai waiwayowa, waɗanda suka san Mai Takaba sun tsufa. Kada ku ɗauka abin ya daina yi mini ciwo. Har yau in kyamara ta tashi ƙafata motsi take. Bayan rasuwar babanku, shekaru da dama bayan wannan, an yi mini tayin komawa, na ƙi, don lokacin na riga na san takaba ta gaske, ban ga abin nunawa a cikinta ba.

Da muka gama a Belbeji gero ya fitar da kai. Mota ta sauke ni da hantsi, na karyo kwanar gidanmu da jaka a ka, sai na hango mutum a kan kujera a ƙofar gida, kusa da keken da ke rufe, sanda a jingine da gwiwarsa. Hassu ce ta tayar da shi, kullum da faɗa da zagi, daga gado zuwa bakin ɗaki, daga bakin ɗaki zuwa zaure, har ta fito da shi. Tana tsaye a bayansa, ta ce kin dawo, to karɓi kayanki, ya ishe ni, ta shige ciki. Na sauke jaka na durƙusa na gaishe shi. Harshen ya ɗan saki, amma har yanzu sai ya nemi kalma.

“Yarinyar... ta iya?”

“Ta iya.”

“Ta yi kukan?”

“Ta yi. Har mutanen gari sun taya ta.” Na ƙara da cewa, “Ta fi ni, Mai Keke.”

Ya kalli hanya.

“Wa ta kira?”

“Ba ta kira kowa ba. Abin da aka rubuta ta faɗa.”

Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga.

“To ba ta... kai ki ba,” ya ce. “Kama ni mu shiga, rana ta yi.”